Harawa Mai Zazzaɓi

Birketeri, Yawunde
Bayan ƙaramar Sallah

Zuwa ga taubashiyata kuma baiwata Mu'mina, 'yar Goggo Hansai, wadda boko ya sace mana.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Goggo da sanyin Ngaundere mai fasa muku leɓe. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Inna Jaratu tana gaishe ku. Baba ma da ya san ina rubutu da ya gaishe ku, ko kuma ya karya alƙalamin.

Kada ki yi mamakin ganin takarda da ajami. Wayata tana kulle a akwatin Baba sai bayan Layya. Laifin ma ba wani babba ba ne. Kukan babban ragonmu na ɗauka na sa masa a wayarsa ya zama ƙarar kira, shi kuwa ya tafi masallaci da ita a aljihu. Liman ya kai ƙarshen Fatiha, rago ya riga kowa amsawa. Wayar maƙwabta kuma kin san unguwarmu Birik, abin da ka faɗa da azahar kafin la'asar ya je kasuwar Mokolo ya dawo da ƙari. Shi ya sa na ba Gali direba, tunda kamyonsa, babbar motar kayan nan, ta ƙofarku yake bi. In boko ya cinye ajamin da muka koya a zauren Malam, ki daure ki haɗa baƙi da kanki. Kada ki kai wa Goggo ta karanta miki.

Ga magana. Bana Baba ya tara ragunan Layya fiye da na bara, ya sa Gali ya ɗauko masa harawa daga Garwa cike da kamyo. Ruwa ya kama su a hanyar Bertuwa, tamfol ya yage, harawa ta iso tana ɗiga. Gali ya ce a shanya. Baba ya ce a ina? A watan nan ranar Yawunde leƙowa kawai take yi ta koma. Ya ce a arewa harawa kan shekara a kan rufin ɗaki ba abin da ke samunta. Muka danna ta a mangaza, ɗakin ajiyarmu na bayan gida, har rufi, muka tattake, muka rufe ƙofa saboda awakin mutane da masu awakin.

To, harawa dai ta kamu da zazzaɓi. Wallahi. Na tura hannu har gwiwa na zaro ba shiri. Ba wuta, ba rana, ruwa ma ake yi a waje. Na ɗauki ƙwan Inna ba da saninta ba na binne a ciki, washegari na ɓare na ci da yaji, gwaiduwar ta ɗaure tsaf. Na ce wa Inna daga yau ta daina wahalar sayen gawayi, ta bi ni da muciya.

Abin da ya sa na rubuto shi ne Baba. Tun bara yake ɗan tari in lokacin kiwo ya zo, bayan Layya ya tafi. Bana ya dawo da wuri, kuma busasshe ne, ba ya fitar da komai. Yanzu ya gano ɗumin mangaza. Kullum da safe sai ya shiga ya jingina bayansa da harawa, wai ya fi gashin kowane wanzami. Ya ce zafin alama ce tana bushewa daga ciki. Ya kuma hana a faɗa wa kowa maganar tarin, wai ba mai sayen rago a gidan mai tari.

Ke da kike jami'a kina leƙen abin da ido ba ya gani, wa ke hura wutar nan? Ni na ce aljani ne ɗan Garwa ya biyo kamyo, damshin Yawunde ya ishe shi.

Ubangidanki,
Umair

Ngaundere

Zuwa ga Umair, babban maƙaryacin Birik.

Wa alaikumus salam. Mun samu takarda, muna lafiya, Mama tana gaishe da Inna Jaratu. Ajamina yana nan daram, naka ne kamar kaza ta taka tawada. Baiwarka kuma tana can inda ka bar hankalinka.

Ƙwai a harawa! Umair, ka manta da wa kake magana? Ni ce ka sa na ɗinka sabon kaya bara don wai an sa ranar aurenka. Ni ce ka kira kana kuka wai an kama ka a unguwar Tsinga, ashe kana zaune wurin mai tsire kana cin soya. Wannan karon ka yi ƙoƙari, har da gwaiduwa.

Duk da haka na kira Kawu, don zuciya ba ta da ƙashi. Ban ambaci tari ba, lafiyar gida kawai na tambaya. Muryarsa garau. Da na ce ka aiko min da takarda, dariya ya yi, ya ce in dai kai ne, ko ka ce gari ya waye in leƙa waje tukuna.

Kuma ko da gaskiya ce, ka kwantar da hankalinka. Mu a ɗakin gwaji da zafi muke kashe ƙwayoyin cuta. Duk abin da muke so ya tsarkaka, tukunya muke sa shi ya sha zafi. Abin da ya dafa ƙwai ba zai bar cuta da rai ba. Tarin Kawu na damina ne, a ba shi zuma da citta.

Za mu fita daji da malaminmu ɗebo ruwan gwaji, ban san yaushe za mu dawo ba. Kafin nan ka ƙirƙiro wata wadda ta fi wannan.

Uwar ɗakinka,
Mu'mina

Birketeri
Farkon Zulƙida

Zuwa ga Malama Likita Mu'mina.

Salamun alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Goggo. Inna lafiyarta ƙalau. Raguna sun ƙoshi har suna tunkuyin bango. Baba da sauƙi in da safe ne.

Na gode da zagi, ya iso lafiya bai zube a hanya ba. Ban ji haushi ba, wanda ya saba kiran kura a kasuwa ai ba ya fushi don ba a fito da sanda ba. Amma layin nan naki na zafi ya yi min daɗi, har na karanta wa Baba. Shi kaɗai na karanta, na tsallake inda kika ce maƙaryaci don kada ya ce amin. Da kin ga fuskarsa! Ya ce, “Ka ji ko? Abin da muka gada ne boko ya zo yana ganowa yanzu.” Rabon da ya yaba wa boko tun ranar da aka kawo mana wutar lantarki.

Yanzu abin ya tashi daga jingina ya koma sirace. Sai ya sa in buɗe masa rami a jikin harawa da sanda, ya durƙusa, ya sa kansa a bakin ramin, in lulluɓe shi da bargo. Tururi ne ke fitowa mai wari kamar ƙasa da taba. In na soka sanda kuma wata farar ƙura take tashi, mai laushi kamar garin alabo, har gemunsa take mayarwa fari fat. Ya ce ita ce maganin. Yana fitowa yana gumi yana cewa ƙirji ya buɗe.

Sai dai ga abin da ban gane ba. Da safe garau yake shiga, garau yake fita. Sai wajen la'asar sanyi ya rufe shi, haƙora na haɗuwa, jiki kamar garwashi, numfashi sama-sama kamar wanda ya hau tudun unguwar Madagaskar a guje. Da gari ya waye ya sake, sai ya ce ka gani, siracen jiya ne ya yi aiki, buɗe min wani ramin. Ya ce ciwo in zai fita sai ya yi faɗa.

Ya rame, Mu'mina. Wandonsa sai da Inna ta ƙara wa mazagi ƙulli. Zuwa masallaci da yake yi a numfashi ɗaya, yanzu sai ya tsaya a ƙofar mai kilishi ya yi kamar ciniki yake. Maganar ɓoyo kuma ta ƙare, tari ba ya ɓoyuwa a sahu. Mutane sun fara cewa tarin fuka ne. A wurin shayi an ware masa kofi. Sali maƙwabcinmu, wanda suke kiwo tare tun ban san kaina ba, yanzu daga bakin ƙofa yake gaisuwa. Baba kuwa ya daina zuwa shayin.

Na ce masa mu je asibiti, ya ce ga likita a gida ta riga ta rubuto magani. Don Allah ki ƙara min bayani. Sau nawa ya kamata ya yi a yini? Ko bargon ne ya yi kauri? Ba wasa a cikin wannan, ko kaɗan. To, akwai kaɗan, amma a sama ne.

Umair

Birketeri
Tsakiyar Zulƙida

Mu'mina,

Salam. Ina fatan kuna lafiya. Mu ba ma lafiya.

Gali ya je ya dawo hannu wofi. Ya ce Goggo ta karɓi takarda ta ce kina daji inda waya ba ta shiga. Wane irin ruwa ne wannan da ba ya ɗebuwa?

Baba ya faɗi a tsakar gida da buta a hannunsa. Leɓensa ya yi baƙi-baƙi. Ni da Sali muka sa shi a taksi, Allah ya saka wa Sali, ya manta da tsoron tari ya rungume shi. A asibiti suka sa masa robar iska a hanci, suka gwada kakinsa, suka ce ba tarin fuka ba ne. Suka ɗauki hoton ƙirji, likita ya ce akwai hazo a huhu, wataƙila sanyi ne ya shige shi. Ya tambaya ko yana shan taba, Baba ya harare shi. Ba wanda ya tambayi harawa, ni kuma ban faɗa ba, me zan ce? In ce da likita muna dafa ƙwai a mangaza?

Yana kwance can zazzaɓi ya tafi kamar an ɗauke da hannu. Ya ci tuwo, ya yi wa ma'aikata faɗa a kan alƙibla. Aka sallame mu, Inna ta yi sadakar ƙosai. Muna isowa gida ya ce zai duba raguna. Daga raguna sai mangaza. Kafin magariba muna inda muka fito, har ya fi da.

Ni ban yi boko ba, amma ina da ido. In ya nisanci mangaza yana samun sauƙi, in ya shiga yana mutuwa. Na faɗa masa, ya ce in kawo takardarki in sake karantawa. Na karanta. Ya ce, “To, kai da ita wa ya sani?”

Ki amsa min. Ko zagi ne ki aiko.

Umair

Ngaundere

Ɗan'uwana Umair,

Wa alaikumus salam. Mama lafiya. Jiya na dawo, na tarar da takardunka biyu a ƙarƙashin matashinta, na karanta su a tsaye. Gali yana lodi, ya ce zai jira ni, don haka ka yi haƙuri da rubutun.

Ka hana Kawu shiga mangaza. Yau, ba gobe ba. Abin da na rubuta maka kuskure ne. Na ɗauka wasanmu ne na taubasai, na jefo magana ban auna ba.

Ka ji inda muka je. Wani marmaro ne a daji, ruwansa na fitowa daga ƙasa yana tururi, ba ka iya barin yatsa a ciki. Na ɗauka babu mai rai a wurin. Da muka sa ɗigonsa a madubin gwaji, sai ga halittu suna ta harkarsu. Malaminmu ya ce akwai ƙananan halittu da Allah ya yi su don zafi. Zafin da ke kashe sauran, su a nan suke ci su hayayyafa, in ka sanyaya su ma sai su kwanta. Ya ce ba sai an zo daji ba, suna cikin juji, suna cikin tarin taki, suna cikin duk ciyawar da aka tara da damshi. Da ya ce ciyawa sai takardarka ta faɗo min a rai.

Ba wanda ke hura wa harawarku wuta, su ne wutar. Da kuka danne ta a jiƙe, halittun da ke jikinta suka fara cinta, cin nan ya kawo ɗumi, kamar yadda jikin mutum ke ɗumi in yana aiki. Da ɗumin ya yi yawa na farko suka mutu, masu son zafi suka gaje wurin. Farar ƙurar nan irinsu ne, ba ya ƙirguwa. In mutum ya shaƙa, yana wucewa har ƙarshen huhu. Huhu ya tashi yaƙi da shi, kuma yaƙin ba nan take yake farawa ba, sai an jima. Shi ya sa Kawu ke fita garau da safe ya kwanta da la'asar. Kowane yaƙi yana barin tabo. Tabon huhu kuwa ba ya gogewa. Malaminmu ya ce sanannen ciwo ne a wurin masu tara ciyawa a ƙasashen damshi. Mu mutanen rani ne, shi ya sa ba mu gaje shi ba, ba mu kuma gaji tsoronsa ba.

Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ka gaya wa Sali da masu shayi. Amma kai ma kana shaƙa, ka daina soka sanda.

Abu na biyu, tarin nan yana iya kamawa da wuta da kansa, musamman in an buɗe cikinsa iska ta shiga. Kada ka taɓa shi kai kaɗai. A tara mutane da bokitai, a jiƙa shi sharkaf kafin a ɗiba, kowa ya rufe hanci da baki. Kuma a yi Kawu ba ya gidan, ba ya ma unguwar.

Na kira shi ɗazu na faɗa masa duk wannan. Ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya yi min albarka, ya kashe. Ina jin yadda yake jan iska tsakanin kalma da kalma. Wancan karon ma ƙila haka yake, ban saurara ba.

Mu'mina

Birketeri
Ƙarshen Zulƙida

Mu'mina,

Salamun alaikum. Na gaishe ki, na gaida Goggo. Inna ba ta barci. Baba yana zaune yake sallah.

Takardarki ta iso, na karanta masa tun daga bisimilla har sunanki, ban tsallake ko wasali ba. Ya ce, “Yarinya ɗaya, takarda biyu. Ta farko ta ce zafi magani, ta biyu ta ce zafi cuta. In ta uku ta zo me za ta ce?” Sannan ya dube ni ya ce ma wa ya sani ko ni na rubuta, ni na haɗa baki da ke kika kira. Wai ina ƙyashin ɗiban harawa ne. Na rantse da Alƙur'ani, ya ce in ajiye littafin Allah, bakina bai kai ba.

Na sa kwaɗo a ƙofar mangaza na jefa makulli a kwata. Ya aika aka kira mai gyaran ƙofa. Siracen ya rage, don ba ni lulluɓa shi kuma Inna ta ɓoye bargo, amma da hannunsa yake ɗibar wa raguna, safe da yamma. Ya ce Layya ta ƙarato, ba zai zubar da abincin dabbobi a kan maganar abin da ko gani ba a yi. Ya ce ubansa da harawa ya rayu, a kan harawa ya tsufa. Na ce ta kaka busasshiya ce. Ya ɗaga hannu zai mare ni, hannun bai kai ba, tari ya riga shi. Wallahi da marin ya sauka da na fi jin daɗi.

Gaskiya ta ƙare min, Mu'mina. Na gwada ta ta kowace ƙofa ba ta shiga. Saura sana'ata.

Abu ɗaya ne zai raba Baba da raguna ana saura kwanaki Layya, shi ne Goggo Hansai. Su biyu suka rage a ɗakinsu. In ya ji tana kwance tana kiransa, ko da rarrafe zai hau jirgin ƙasa. Ki kira shi ki ce jikinta ya yi tsanani. Kada ki yi kuka da yawa, mai ƙarya ne ke cika kuka. Ki yi magana kaɗan, ki yi shiru, ki bar shi ya tambaya. In ya ce a ba ta waya, ki ce ba ta iya riƙewa.

Na san abin da nake roƙo. Na san ba a yi wa mai lafiya fatan ciwo, na san Goggo za ta ce muna kira mata. Ki gaya mata komai, ki nuna mata takardun nan, in ba ta yarda ba a bari. Inna ta sani, ta yi kuka ta ce ita ba ta ji ba ta gani ba, amma ta fara haɗa kaya a ɓoye. Sali ya ce zai kawo mutane ranar da Baba ya tafi.

In abin ya tashi, ki ce ni ne. Kowa zai yarda, wannan karon dai.

Umair

Ngaundere
Farkon Zulhajji

Umair,

Wa alaikumus salam. Kawu da Inna Jaratu sun iso lafiya, suna ɗakin Mama. Mama lafiyarta lau, Allah ya sa ta ɗore.

Na karanta mata takardunka duka. Sannan ta ce, “In ciwon ƙarya zai fito min da ɗan'uwana Mijinyawa daga ramin nan, shimfiɗa min tabarma.”

A tasha ban gane shi ba sai da na ga Inna. Daga jirgi zuwa bakin titi sai da muka zauna a hanya. Mama ta yi niyyar ta riƙe kwanciyar kwana biyu, amma da ta ga ya kasa haye dokin ƙofa sai ta manta, ta yaye mayafi ta taso a guje ta tare shi. Ya dube ta tsaye a kan ƙafafunta, ya dube ni. Ya ce, “Dabarar wa?” Ya ce, “Na san hannunsa.”

Ya so komawa a jirgin washegari. Mama ta zauna a bakin ƙofa ta ce sai dai ya taka ta. Ba shi da ƙarfin gardama, shi ya taimake mu.

Zazzaɓin bai dawo ba ko sau ɗaya. Mun kai shi wurin likitan ƙirji, na faɗi maganar harawa tun daga farko. Ya ba da magani, ya ce abin da ya kumbura zai sauka, abin da ya riga ya zama tabo ya zauna ke nan. Ya ce Kawu ya gama da harawa, ya gama da turken raguna, har ƙarshen rayuwarsa. A gabansa ya faɗa. Kawu ya tambaye shi, “To me zan riƙa yi da safe?”

Ba zan ɓoye maka ba. Kawu ya ce ka sa shi ya yi kwanan jirgi yana karanta wa 'yar'uwarsa Yasin yana roƙon Allah ya same ta da rai. Ya ce wanda ya iya yi masa wannan ba abin da ba zai iya ba. Ya hana a ambaci sunanka a gabansa. Na ce har da ni a ciki, muryata ce ya ji. Ya ce ni aikena aka yi.

Ka kula da kanka wurin ɗiban nan.

Mu'mina

Birketeri
Jajibirin Layya

Mu'mina,

Salamun alaikum. Ina gaida Goggo, ki ce mata na gode, ki ce ta yafe min tabarmar. Ina gaida Inna. Ni lafiya, sai ɗan tari da ya zo ya wuce.

Ranar da kika kira ina tsaye a bayan Baba. Da ya ajiye waya na ce, “Baba, kada ka tafi, raguna fa?” Ya ce tunda ni na ce kada ya tafi, tafiya ta zama dole. Ban taɓa yin wasan da ya ci kamar wannan ba, ban kuma taɓa yin wanda ban yi dariya ba.

Mun kwashe harawa. Sali ya kawo mutanen shayi, har da wanda ya ware kofin. Muka ɗaura rawuna a hanci, muka yi ta kwara ruwa. Sama-sama fara ce da ƙura. Da muka kai tsakiya baƙa ce ƙirin kamar gawayi, tana jin iska ta fara hayaƙi, sai ga harshen wuta ta gefen bango. Da ba bokitai a hannu, da yau ba gidanmu, ba na Sali, ba layin gaba ɗaya. Bangon nan kuwa shi ne na ɗakin Baba. Aka yi ta lodi a pus-pus, kurar nan ta turawa, ana kaiwa juji. A can ma tana tururi, na ga yara sun kewaye ta suna ɗumama hannu, na kore su da jifa.

Raguna sun faɗa, ɗanyar ciyawa ba ta karɓe su ba. Sali ya sayar da su yadda suka samu. Na bar babban, gobe Sali zai yanka da sunan Baba, in raba yadda yake rabawa.

Jiya bayan azahar na ari wayar Sali na kira Baba. Ya ɗauka ya yi sallama. Na ce, “Baba, ni ne.” Bai amsa ba. Amma bai kashe ba. Na tsaya a zaure na manna wayar a kunne ina sauraro. Yana ja, yana saki. Yana ja, yana saki. Gajere ne, amma yana kaiwa ƙarshe kafin ya ɗauko wani, ba wannan sarƙewar. Sai da ya gaji don kansa ya kashe.

Kada ki roƙe shi a kaina, ki hana Goggo ma. Roƙo zai sa shi magana mai tsawo, ba shi da iskar ɓatawa. Ku bar shi ya yi fushinsa a hankali. In an kwana biyu zan sake kira in ji.

Umair